Shaƙuwar Totur a Tudun Valparaíso

Don Evaristo ya shigo gareji da hantsi,
tasinsa na fizga kamar akuya a turke.
Ya ce, "Ninoska, motar nan ta koyi shaƙuwa.
In na taka sannu, sai ta yi biris da ni,
can kuma ta zabura.
Jiya a hawan Cordillera
ƙwai dozin ya fashe a cinyar wata tsohuwa,
har yanzu kunnena na ɗauke da zaginta."

A zamanin babana igiyar ƙarfe ce
daga feda zuwa maƙogwaron inji.
Ka taka, ta ja, magana ta ƙare.
Yanzu ƙafa sai ta ba da saƙo,
sensa ta kai wa kwamfuta, kwamfuta ta yi nazari,
sannan ta ce wa ɗan faranti: buɗe kaza.
'Yan aike uku tsakanin so da samu,
ɗaya ya yi in'ina, tafiya ta ɓaci.

Na jona na'ura. Babu lambar laifi ko ɗaya.
Mara lafiya ta dube ni ta ce, lafiya lau.

To, na kwance robar iska, na leƙa.
Faranti ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
dauɗa ta kama gefensa ta hana shi rufuwa daidai.
Tsohon buroshin haƙori, tsumma, feshi,
na goge har na ga idona a ciki.
Na murɗa makulli ban tayar ba,
na saurari ƙis-ƙis ɗinsa yana laluben gurbinsa
kamar mai neman takalmi a duhu.

Muka fita gwaji. Kwana ta farko, sumul.
Ta biyu, daidai gidan burodin Ulloa,
ta sake yi mana tutsu.
Evaristo bai ce uffan ba, ya dai kalli teku.

Na dawo na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari,
mita a ƙirjina, hannuna a kan feda.
Allura na hawa a natse, tana sauka a natse.
Feda ba ta da laifi.
Sai na kama damin waya na girgiza:
allura ta yi tsalle!
Na bi ta taku-taku har bayan batir,
inda aka ɗaure ta da noti a jikin bodi.
Kore shar. Gishirin teku ya cinye ta a ɓoye,
shekara tara yana lasa, ba wanda ya ji.
Samfefa, sabon noti, ɗan giris.
Aikin minti goma, bayan awa huɗu.

Na hau da ita tudu uku, tana tafiya kamar mai a faranti.
Na ba shi makulli, na koma kujerar fasinja.

Sai ga ta kuma. Ƙarama, ba kamar da ba,
ɗan ɗar-ɗar, kamar wuta a iska.
Na saurari inji, inji ƙalau.
Na sunkuyar da kai.
Ƙafarsa ce.
Tana rawa a kan feda ita kaɗai,
shi kuwa ya kafa wa titi ido, ya damƙe sitiyari.

Igiyar babana mai tauri ce, da ta rufa masa asiri.
Wannan kuwa ba ta iya shiru ba:
abin da ƙafa ta faɗa, ko da raɗa, sai ta kai.

A ƙofar gareji ya zaro walat.
Na karɓi kuɗin noti da giris.
Na ce, "Don Evaristo, tun yaushe?"
Ya daɗe yana kallon jiragen ruwa a tasha.
Ya ce, "Tun Yuni. Clorinda ba ta sani ba."

Na rubuta masa lambar asibiti a bayan rasit,
da yatsun da suka bar masa tambarin baƙin mai.